Nishin Na'urar Anselmo

Kafin mai gyara ya iso, Araceli ta riga ta cire tsohuwar rariyar tace iska ta saka sabuwa, ta wanke injin da ke bayan gida da mesa, ta kankare tsatsar gindinsa da burushin ƙarfe. Zufa na tsiyaya daga haɓarta. Watan Yuli ne a birnin Phoenix na Amurka, kuma tun jiya na'urar sanyaya gidan mahaifinta ta mutu.

Mahaifin, Anselmo, yana kishingiɗe a falo da jiƙaƙƙen tawul a wuya, numfashinsa na fita guntu-guntu. Tun bara, bayan aikin zuciya, likita ya yi gargaɗi cewa jikin nan ba zai ƙara jure zafin garin ba. Shi ya sa ta saya masa inshorar kayan gida, wadda ake biya wata-wata bisa alkawarin cewa duk abin da ya lalace kamfani zai gyara ko ya sauya.

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, ka saurare ni. Za a tambaye ka yaushe na'urar ta fara ba da matsala. Jiya ta fara. Ba ta taɓa ƙara ba, ba ta taɓa tari ba. Jiya."

"Ni za ki koya wa magana? Da bakin nan na auro uwarki."

"To yau ka ba shi hutu."

Mai gyaran da kamfani ya turo, wani dogo mai suna Colby, bai fara da ɗaukar sukundireba ba. Waya ya ciro, ya shiga ɗaukar hotuna: rariya, wayoyi, gindin inji, har ciyawar da ke kusa da shi. Haka aikin yake. Kamfanonin nan sun fi turo mutum neman dalilin ƙin biya a kan neman cuta, kuma mai gyaran da ya cika cewa a sauya inji ba ya daɗewa ana kiransa. Araceli ta bi shi ƙafa da ƙafa, hannuwanta a harɗe, ba ta bar masa ko ƙura ɗaya ba.

"Kwamfiresa ce ta ƙone, zuciyar injin kenan," ya ce a ƙarshe, yana share goshi. "Ban ga abin da za su kama ba, gaskiya."

Sai a lokacin ta saki numfashi. Ta tsallaka gidan maƙwabciya don aro fanka, ta manta da abu ɗaya: ba a taɓa yin ma'aikacin da ya shiga gidan Anselmo ya fita da busasshen maƙogwaro ba.

Da ta dawo, ta tarar da su biyu a kicin, kowa da kofin zoɓo mai sanyi. Tsohon ya miƙe da ƙyar ya haɗa da kansa, har ya ba da labarin 'yarsa Araceli mai babban ofis, wadda shi dai bai san abin da take latsawa a kwamfuta ba.

"Na'urar nan ta daɗe tana ba ku wahala ko, Baba?" Colby ya tambaya cikin murya mai laushi, idonsa a ƙasa.

"Baba!" Araceli ta daka tsawa daga bakin ƙofa.

"Wahala? Baiwar Allah ta yi ƙoƙari, ɗana. Tun watan Maris take nishi kamar tsohuwar jakanya, amma ba ta taɓa ƙin aiki ba."

Yabo ne tsohon ya yi, irin wanda ake yi wa abokin zama da ya rasu. Colby ya ajiye kofin bai ƙarasa ba, ya latsa wayarsa.

"Ka sha masa zoɓo, ka kuma yanka shi?" ta ce wa Colby.

"Ba ni na ƙirƙiri tambayar ba, Madam. Dole na yi ta, dole na rubuta amsar. Ni ma ina da 'ya'ya."

Rana ba ta karkata ba hukunci ya fito. A wayar gida, wata yarinya mai zaƙin murya daga kamfanin ta bayyana cewa mai gida ya ji alamar lalacewa ya ci gaba da amfani da na'ura, kuma wannan sakaci ne da yarjejeniya ba ta ɗauke ba. Leɓunan Araceli suna motsi tare da nata, suna riga ta kai ƙarshen kowace jimla.

"Mutum ne mai ciwon zuciya," ta ce. "Gidan nan tanderu ne. Kin ji ni kuwa?"

"Mun fahimci damuwarki ƙwarai, amma..."

Anselmo ya fizge wayar da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba. Fuskarsa ta yi ja, jijiyoyin wuyansa sun miƙe.

"Ke 'yar nan, ba da ke nake ba, ke aiko ki aka yi. Ba ni babbarku! Ina son jin muryar marar imanin da ta zauna ta tsara yadda za a tambayi tsoho cikin daɗin baki don a bar shi ya dahu a gidansa."

"Baba, ajiye wayar nan."

"Ba zan ajiye ba! Ai tana da uba ita ma. Bari ta faɗa mini da bakinta."

"To, Yallaɓai," in ji yarinyar, "zan haɗa ka da shugabar sashen ƙorafi. Ita ce mai magana ta ƙarshe, kuma ka yi sa'a, ita ta tsara ƙa'idar."

Tsohon ya gyara tsayuwa, ya dafa tebur, yana haki yana jira. A cikin jakar Araceli, wayar ofishinta ta fara ruri.