Kibiya ta Huɗu

Kibiyoyi uku ne a takardar jami'ar tantance wani shirin tallafi, kowace na nuna mataki guda: a ba tsofaffin dukawa tabarau, su koma ɗinkin fata, iyali su ƙoshi. Amma a wani zaure na Ƙofar Taramniya, ta tarar basillar wani tsohon baduku ta yi tsatsa.

"Baba, ashe tabaraun bai amfane ka ba?" Har ta ɗora biro za ta rubuta haka.

"Shigo, ɗiyata."

A tsakar gida matarsa ke zaune, hannuwanta sun shanye. Ya saka tabarau, ya buɗe tandun kwalli, ya zizara mata a hankali.

"Da can tsone mani ido shika yi," in ji tsohuwar tana dariya.

Jami'ar ta sunkuya, ta zana kibiya ta huɗu.