Baraka da Ɓaraka

Tun da aka haɗa ƙofofin kasuwa da babbar na'ura, sai mutum ya faɗi sunansa ake buɗe masa. Baraka mai ɗanyen kifi ta faɗi nata, ƙofa ta ƙi. Rana ta take, kifi ya soma tashi.

Injiniya Ɗayyabu, mai kula da na'urar, ya leƙo ta tagar ɗakinsa mai sanyi.

"Iya, na'urar ba ta bambanta Baraka da ɓaraka. Da ta ji, sai ta kulle. Ki canja suna kawai."

Ta dube shi sheƙeƙe. "Sunan da aka yanka wa rago? Gyara abarka dai, yaro."

"Ba ni da lokaci."

Ta zagaya ƙofar ɗakinsa, wadda ita ma ke haɗe da na'urar, ta faɗi sunanta a natse. Sakata ta faɗa, ta kulle shi a ciki.

Ta dire kwandon kifin a gindin tagarsa.

"Yanzu ka samu."