Bindigar Alhaji Mamuda

Wata bakwai Gambo maƙeri ya kwashe yana haɗa wa Alhaji Mamuda bindigar gasar harbi. Ya auna kafaɗarsa da kuncinsa, har numfashinsa sai da ya saurara kafin ya sassaƙa ƙotar. Sai dai tun da sabuwar doka ta zo, ba bindigar da ke fita sai hukuma ta manna mata wani ido mai saiti da kansa.

Ranar gwaji aka jera farantai can nesa, da ƙyar ake hango su. Alhaji ya riƙe bindigar kamar muciya, yana amsa waya. Tau! Faranti ya tarwatse.

"Ka gani, Malam Gambo? Ko kallo ban yi ba!"

Gambo ya yi tsaki. "Da na sani, Alhaji, da taɓarya na kawo maka."

Ya karɓe ta, ya auna wani dutse can gefe da gangan. Bakin bindigar ya murɗe a hannunsa a hankali, faranti na biyu ya fashe.

Alhaji ya tafa. "Kai, har yanzu hannun nan yana nan!"

Gambo ya dubi hannun, ya goge shi a jikin rigarsa.