Kunkurun Baba Kyari Bai Farka Ba

"Baba, sati uku da saukar damina, kunkurun nan bai farka ba!" in ji Suwaibatu, da ta dawo hutu daga kwalejin noma. "A ciro shi, a sa shi a ruwan ɗumi."

Baba Kyari ya daka mata tsawa. "Kul! Tun ba a haife ki ba yake barcin rani ƙarƙashin rumbun nan. Kullum yana cinye gwandar da nake ajiye masa, ya koma."

Ta durƙusa ta jawo shi. Sai ta ji shi sakayau, ƙoƙon bayan ne kawai. Wani ƙaton ɓera ya faɗo daga ciki ya tsere.

"Ga abin kiwonka can, Baba," in ji ta. "Ya yi ƙiba kuwa."