Birinyar da Ta Ƙi Sakin Ɗanta

Ta same shi a gidan namun daji, a gaban kejin birai, yana yanka musu ayaba, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Malama, yayanki ya zo jiya," in ji mai kula da dabbobin. "Ya ce ko bazawara ce, mai digiri biyu ba ta auren mai kwashe kashin biri. Ki yi haƙuri, na janye."

Haƙurin nan ya ishe ta. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar 'yarta tilo, kuma kowa da shi yake rufe mata baki. Ta nuna wata birinya da ke rakuɓe a lungu, rungume da ɗanta da ya mutu.

"Kwananta nawa da gawar nan?"

"Shida."

"Me ya hana ka karɓe?"

"Shugabanmu ya ce in fizge, masu kallo na ƙorafi. Na ƙi. Da kanta za ta ajiye, ranar da ta shirya."

"Ni kuwa sati biyu da rasuwar, Yaya ya sa aka kwashe kayan yarinyata ina wajen aiki." Ta matso kusa da shi. "Shi zai zaɓa mini miji? Ka iya bijire wa shugabanka saboda biri, amma ni ka janye?"

Ya ajiye wuƙar, ya ɗago ya dube ta.

"Ranar Asabar ka turo manyanka," ta ce. "In Yaya ya ƙi fitowa, ni zan shimfiɗa musu tabarma."