Sirrin Babur ɗin Arvo

Arvo Niemi ya wuce garejin gyaran babura har uku a garinsu Duluth bai ko taka birki ba. Sai da ya yi tafiyar rabin awa zuwa garin Cloquet, inda yake ganin ba wanda ya san fuskarsa, sannan ya sauke babur ɗinsa daga bayan akori-kura a ƙofar wata bakanikiya mai suna Marlys.

Abin da ya kawo shi ba wani babba ba ne, amma da ƙyar ya fito daga bakinsa. Mariƙin hannu yake so a saka wa babur ɗin, irin wanda ke ɗumama da wutar batir.

Matsalar ita ce ƙungiyarsu. Su bakwai ne, duk tsofaffin ma'aikatan tashar jiragen ruwa, kuma shekara goma sha huɗu ke nan duk ranar ɗaya ga Janairu sai sun hau babura sun bi gaɓar tafki har garin Silver Bay, kome tsananin sanyi. Dokarsu ɗaya ce tal: ba a yarda da duk wani abin ɗumama jiki mai waya ba. Shugabansu Duane Halvorson, wani ƙato mai farin gemu, shi ya kafa ta, kuma ba ya gajiya da maimaitawa. "Mai son ɗumi ya zauna gida ya rungumi murhu," in ji shi.

Arvo ya bi dokar nan sau da ƙafa. Amma bara yatsunsa suka sandare a hanya, barewa ta tsallaka gabansa, ya nemi matsa birki hannun ya ƙi. Gashin wutsiyarta kaɗai ya shafa, amma labarin ya isa kunnen matarsa Joanne. Ta ce masa ya zaɓa, ko ya saka mariƙi mai ɗumi ko ta kyautar da babur ɗin ga mijin ƙanwarta.

Marlys ba ta tsaya yi masa tambayoyi ba. Ta sa reza ta tsaga tsohuwar robar, ta goge ƙarfen tas, ta shafa gam, ta tura sabon mariƙin da ƙarfi ɗaya. Ta murɗa totur sau uku ta ga yana komawa da kansa. Makunnin da ya zo a kwali mai fitila ja ne, ana hango shi daga nesa, sai ta ajiye shi gefe ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wani ɗan baƙi, bai kai ƙwayar wake ba. Ta liƙa shi a ƙarƙashin tanki, ta hannun hagu.

"Kin tabbata ba wanda zai gani?" in ji Arvo.

"Sai dai in ya kwanta a ƙasa, dattijo."

Ranar tafiya gari ya waye da sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Kamar yadda suka saba, kafin a tashi kowa ya sunkuya ya shafa ƙarƙashin tankin babur ɗinsa don neman sa'a. Arvo ya fake da wannan ya danna abinsa.

Ba su fita gari ba ya ji ɗumi yana ratsa safar hannunsa. Kafin su isa garin Two Harbors har ya fara rera waƙa a cikin hular kwano. Shekara goma sha huɗu yana bin hanyar nan, ran nan ne ya fara lura cewa tana da kyau.

A Silver Bay suka shiga gidan abincin da suka saba, aka kawo kofi da kyafaffen kifi. Duane ya kama hannun Arvo ya ɗaga sama.

"Ku duba nan! Shekara sittin da shida, bara kamar mu ɗauke shi a makara, bana ko rawar ɗari babu. Baɗi kai za ka ja gaba, tsohon ƙarfe."

Aka yi ta buga tebur. Arvo ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mutanen nan tun suna samari suke ɗaure igiyar jirgi tare, su suka ɗauki gawar mahaifinsa. Ya ajiye cokali ya faɗa musu gaskiya, har da inda makunnin yake.

A cikin abokan, Lyle ya shiga motsa kofin da bai sa wa sukari ba. Curt ya tsura wa taga ido. Sauran kowa ya duƙar da kai kan farantinsa, ba wanda ya iya kallonsa.

Can Duane ya gyara murya. "Arvo, ka ba mu kunya. Mako ɗaya na ba ka. Ko ka cire, ko ka kawo rigar ƙungiya."

Joanne ta ce su jiƙa rigarsu su sha. Arvo ya kwana uku yana zagaya babur ɗin a gareji. A rana ta huɗu ya loda shi a mota ya koma Cloquet, ya kwashe duka ya gaya wa Marlys, ya ce ta mayar masa da tsohuwar roba. In ya so baɗi ya ninka safar hannu, ya lallaɓa Joanne.

Marlys ta ajiye sifana, ta goge hannu a jikin rigar aiki, ta dube shi.

"Duane ne ya ce ka cire? Duane mai gemu?"

"Shi fa."

"To ni kam ba zan cire ba. Dattijo, a cikin ku bakwai ɗin nan kai ne na ƙarshe da na saka wa, kuma na Duane shi na fara yi, shekara goma sha uku ke nan."