Kujerar Kyaftin

Tun kafin Kyaftin ya kai ga makirufo zauren ya ɗauki tafi. Ya gyara hularsa, ya dubi 'yan kwamitin da gwamnati ta ɗora wa duba shekarun ritayar matuƙa jirgin sama, ya ce sittin da biyar ba tsufa ba ne.

"Furfura a kaina take, ba a hannuna ba," in ji shi. "Ku ƙara mana shekara biyu kawai."

Watanni kaɗan suka rage masa. Tun rasuwar matarsa ba ya son zaman gida, kowa ya sani. Abokansa kan tsokane shi cewa ko takalmi zai ɗaure sai ya nemi izinin hasumiyar filin jirgi.

Ya kawo labarin ranar da injinsa ɗaya ya mutu cikin hadari, ya sauke jirgi lafiya da mutum ɗari biyu. Da ya zo kan sunan filin da ya sauka sai ya tsaya. Ya kurɓi ruwa. Wani tsohon abokinsa ya jefo masa sunan daga baya, aka yi dariya, aka sake tafi.

Sai aka kira mai magana da yawun ƙananan matuƙa.

Ta miƙe. Tsofaffin suka dubi juna, suka saci kallon Kyaftin. Mataimakiyar matuƙi ce, shekararta takwas a kujerar dama, kuma ba ta taɓa magana a taro ba.

Ta ce gwajin likita na rabin yini ba ya ganin komai. Ta ce akwai abin da ke fara cin mutum a ɓoye, na gida ne kawai ke lura, shi kuwa ko an roƙe shi ya je asibiti sai ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce gara mutum ya sauka ana tafa masa da a sauke shi ana raɗa. Ta roƙi kwamiti ya bar doka yadda take.

"Kujerarsa take so!" wani ya ɗaga murya.

"'Ya'yan zamani ke nan, ba kunya ba tsoron Allah," in ji wani.

Ba ta dubi inda Kyaftin yake ba, har ta zauna.

Da la'asar kwamiti ya sanar: doka na nan daram. Abokai suka yi ta dafa kafaɗar Kyaftin kamar masu ta'aziyya. Ita ko sannu babu wanda ya ce mata.

Aka watse. A wurin ajiye motoci Kyaftin ya bi layin farko, ya dawo ya bi na biyu. Yana ɗaga makulli yana dannawa, babu motar da ta amsa. Gumi ya jiƙa masa kwalar riga. Ya sake komawa layin farko.

Tana tsaye jikin wata ƙaramar mota tana kallonsa, hawaye na zuba. Ta goge fuska, ta tako a hankali, ta zare makullin ƙofar gida daga hannunsa.

"Abba, ba ka zo da mota ba," in ji 'yar tasa. "Ni na kawo ka."